Audugar da aka bari a cikinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Binta, 'yarki ta fari, wadda har kika bar duniya ba ki taɓa kiran sunanta ba, sai dai ki ce "waccan yarinyar". Na rubuto ne in sanar da ke inda maganarki ta kwana, domin jiya na dawo daga wurin lauya a Katsina.

Kin tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka yi miki aikin ƙari a mahaifa. Da aka sallame ki, ni na riƙe ki har muka shiga gida. Kina tafe a duƙe kina sa wa likitan albarka.

Ɗinki ya warke, ciwo bai tafi ba. Zazzaɓi ya zo ya koma, gefen cikinki ya yi tauri. Muka koma wurin likitan, ya sa aka ɗauki hoto. Ina tsaye a bayanki ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya sa shi a aljihun tebur. Ya ce, "Tabon aiki ne, Hajiya, zai lafa." Ya rubuta ƙwayoyi. Kika yi godiya har da durƙusawa.

Shekara bakwai kina jiran ya lafa. Kin daina suyar ƙuli-ƙuli saboda ba kya iya murza gyaɗa, kika ba maƙwabciya turminki. Sallah ta koma a zaune. An ce sammu ne, an ce iska ce, kin sha rubutu, kin shaƙi hayaƙi. Wasu dangi suka fara cewa kin cika raki. Duk wanda ya ce a je wani asibiti sai ki ce, "Wanda ya buɗe ni ai shi ya san abin da ke ciki."

Ashe kuwa ya sani, Inna.

Ranar da hanjinki ya toshe muka ɗauke ki a mota zuwa Kano. Bayan aiki likitocin can suka kira ni da Baba, suka nuna mana wani baƙin dunƙule a cikin kwano. Auduga ce irin wadda ake goge jini da ita, ta manne da hanji ta ruɓar da shi. Ba ki farfaɗo sosai ba balle mu faɗa miki. Kin tafi ba ki san abin da ya cinye ki ba.

A lokacin na ɗauka kuskure ne kawai, kuma ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Na bar maganar. Sai bana da azumi Baba ya faɗa min abin da ya riƙe. Ya ce likitan ya zo ta'aziyya, ya jira mutane suka watse, ya zauna da shi a zaure su biyu. Ya ce tun a hoton farko ya ga audugar. Tsoro ya ji kada a kore shi daga aiki, ya yi fatan jikinki zai haƙura da ita. Ya yi kuka ya nemi gafara. Baba ya ce masa, "Je ka, na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Inna, ban iya shan ruwa ba ranar.

Na fara zuwa wurin malaminmu na Islamiyya. Ya ce a Musulunci haƙƙin rai ba ya tsufa, kuma yafewar Baba ba ta shafe haƙƙinmu mu 'ya'ya ba. Na fita da ƙarfin gwiwa na nufi kotun Shari'a. Alƙali ya saurare ni da mutunci, ya yi miki addu'a, sannan ya ce irin wannan ƙarar ta aikin asibiti sai babbar kotu.

Shi ne na tafi Katsina. Lauyan mutumin kirki ne, bai ɓoye min komai ba. Ya ce doka ta yanke wa irin wannan ƙara wa'adi, daga ranar da aka yi aikin ake fara lissafi, kuma namu ya wuce tun kina raye. Wato lokacin da kike kwance kina shan ƙwayoyin da ya rubuta, a lokacin ne damarki ke ƙarewa. Na ce ta yaya mutum zai kai ƙarar abin da bai san an yi masa ba? Ya ce ƙofa ɗaya ta rage. Idan aka tabbatar likitan ya sani kuma ya ɓoye da gangan, kotu za ta iya fara lissafi daga ranar da aka gano. Amma sai da shaida. Ganina da idona ya ajiye hoto bai isa ba, don ban san abin da ke cikinsa ba. Wanda ya ji da kunnensa shi ne Baba. Ya kuma gargaɗe ni cewa ita ma wannan ƙofar ba za ta dawwama a buɗe ba.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na roƙe shi. Kin san shi. Ya ce, "Mutum ya zo har zaurena ya ƙasƙantar da kansa, na ce na yafe. Ba zan tsaya gaban alƙali in tona shi ba. Ki bar uwarki ta huta."

Ban yi masa musu ba. Ya tsufa, kuma shi ma kullum yana zuwa kabarinki. Ba diyya nake nema ba, Inna. So nake a faɗa a fili, a gaban waɗanda suka ce kina raki, cewa ciwonki gaskiya ne kuma akwai wanda ya san sababinsa. Likitan har yanzu yana duba mata. Ranar kasuwa na hango shi yana cinikin rago, ya gan ni ya sunkuyar da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin Baba likitan ya nemi gafara, ba wurinki ba. Ke kika yi shekara bakwai da ciwon, amma ya jira sai da aka binne ki. Wataƙila da ya zo da kin yafe, na san zuciyarki. Wataƙila kuma da kin tambaye shi dalili. Ko wannan zaɓin bai bar miki ba.

Ni dai iyakar inda ƙarfina ya kai ke nan.

Allah ya sa wahalar da kika sha ta zame miki kaffara. Ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Ya tsare matan da ke kwanciya a hannun mutumin nan. Ya ba ni haƙurin zama da Baba ba tare da riƙe shi a zuciya ba. Abin da ya gagare mu a nan, na bar shi a gaban Wanda wa'adi ba ya ƙarewa a kotunsa.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Binta