Na ɗora wa ɗana ciwon zuciyar da ba shi da shi

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karantawa. A ɓoye sunana. Ban yi karatu mai nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, na riga shi zagin kaina.

Kifi nake sarowa a Warra in kai kasuwar Yelwa. Da yunwa na tashi, a cikin kwale-kwale, haƙarƙari duk a waje. Da Allah ya buɗa mini na rantse ɗana ba zai san wannan ba. Namiji ɗaya gare ni, mu kira shi Auta. Tun yana ƙarami tsokar giwan ruwa tasa ce, ga masa da mai, ga lemon kwalba. Makaranta na nan kusa amma a babur nake kai shi. In na zaunar da shi a rumfa mutane su ce, “Wannan an san ubansa na da hali.” Daɗi nake ji. Wa ya taɓa gaya mini ƙiba ciwo ce? Mu rama muka sani ciwo.

Wata safiya na biyo ta bayan makarantarsu tare da wani abokin sana'ata. Malamin wasanni ya fito da su suna zagaye fili da gudu. 'Ya'yan masunta duk sun wuce, ga Auta can baya shi kaɗai, tumbi na rawa, yana haki. Yara na tafi suna waƙa, “Dorina ta hau tudu.” Abokina ya tuntsire da dariya ya ce, “Alhaji, wancan ba naka ba ne?”

Zan faɗi gaskiya. Ba tausayin yaron na ji ba, kunyar kaina na ji.

Washegari na sami malamin, matashi ne, na ce masa likita a Yelwa ya ce yaron na da ciwon zuciya, in ya yi gudu zai faɗi ya mutu, kuma in haka ta faru da shi zan yi shari'a. A bakin ƙofar makarantar na ƙirƙiro maganar. Ya ce, “Alhaji, ko tafiya ce a bari ya riƙa yi a hankali, za ta taimake shi.” Na ce, “Kai ka haife shi?” Ban lura ba ashe Auta na bayan taga yana ji.

Maganar ta riga ni zuwa gida. Uwarsa ta tare ni da kuka, “Malam, shi ne ka ɓoye min?” In ce mata me? Ƙarya na yi don an yi mini dariya? Da ma na taɓa kai shi asibiti a Yelwa da zazzaɓi, aka ɗora masa abin sauraren ƙirji. Na ce ran nan aka gano, ban so hankalinta ya tashi ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Ta hana shi ɗiban ruwa, ta hana shi zuwa bakin tafki, ko aike ta daina yi masa. Innata ta kawo rubutu da saiwoyi. Duk mai zuwa duba shi da abin ci a hannu yake zuwa. Lokacin wasanni yana zaune gindin mangwaro yana gadin takalman 'yan ajinsu. An daina ce masa dorina, yanzu tausayinsa ake ji, ba mai kiransa ƙwallo. Shekaru suka tafi a haka ina kallo. Yanzu yana sakandare, wando sai na manya, ruku'u ma da ƙyar, bayan wuyansa ya yi baƙi.

Kwanan baya jiri ya matsa masa, muka kai shi asibiti, wannan karon da gaske. Likitar ta auna shi ta ce zuciyarsa lafiya lau, amma jininsa ya fara hawa, ciwon suga kuma na bakin ƙofa in bai rage jiki ba. Ta ce a rage mai da zaƙi, ya riƙa tafiya, ya koma wasanni a makaranta. Na ce a raina Allah ya fitar da ni. Muna fitowa uwarsa ta ce, “Wannan yarinyar mi ta sani? Babban likitan Yelwa ya riga ya faɗa. Kashe min ɗa take so ta yi.” Babban likitan da babu shi a duniya, shi ke mulkin gidana.

Jiya na ce masa ya taso mu taka zuwa bakin ruwa. Ya riƙe ƙirjinsa ya ƙi tashi. Ya ce, “Baba, likitar ta ce in yi gudu, kai ka ce in na yi zan mutu. Ni taka na yarda da ita, kai ba ka min ƙarya.”

Na fita na bar shi. In na yi shiru ciwon gaske zai kama shi a kan na ƙarya. In na faɗa, da wane ido zan kalli yaron da na zaunar duk ƙuruciyarsa yana gadin takalman wasu, don kawai an yi mini dariya? Ni dai na gaji. Jama'a, me zan yi?