Minti Huɗu Da Rabi

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce Alhamis za su ɗora ni kan injin gudu su ga yadda zuciyata ke yi in ta sha wahala. Ni! Shekara ashirin da takwas ina malamin wasanni, usur a wuya, ina kora 'ya'yan mutane su zagaya fili. Na yi dariya a gabansa. Shi bai yi ba.

Talata, 4 ga Maris

Na hau benenmu na sauka sau biyar, don kada in je in ji kunya. A na huɗu abin nan ya dawo, kamar an ɗora min bulo a ƙirji. Na ce wa uwar yara takalmi nake gwadawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗaki ƙarami, sanyi kamar firji. Nas ɗin ba ta wuce sa'ar Autata ba. Ta aske min gashin ƙirji, ta manna wayoyi goma, ta ɗaura abin awon jini a dantse. Da na gaya mata na yi atisaye a gida sai ta dafe kai. "Haba Baba, ai ba jarrabawa ba ce. Da ka ji ciwo ka faɗa."

Minti uku na farko tafiya ce. Sai injin ya ɗaga kai, ya ƙara sauri. Bulon ya zo, ya gangara hannun hagu. Ta ce, "Baba, akwai ciwo?" Na ce babu. Da wane bakin zan ce akwai, ni da nake ce wa yara mai tsayawa rago ne? Ta sake tambaya, na sake cewa babu. Likita na kallon takardar da ke fitowa, ya ce a tsayar.

Minti huɗu da rabi.

Suka kwantar da ni suna jiran bugun zuciyar ya sauka. Ya ƙi sauka da wuri.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban je makaranta ba.

Talata, 11 ga Maris

Na koma jin sakamako. Ya shimfiɗa takardar, ya nuna min inda layin ya lotsa tun bayan minti na uku. "Malam, a nan ka fara jin ciwo. Ka ce babu, amma zuciyar ta riga ta faɗa." Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kunya ta kama ni fiye da tsoro, a lokacin dai.

Ya ce abu uku suke dubawa: daɗewar mutum a kan injin, lotsawar layin, da saurin saukar bugun bayan an tsaya. Duk ukun nawa ba daɗi. Masu irin wannan sakamako, in aka bar su haka, haɗarinsu babba ne. Na ce haɗarin me? Ya ninke takardar ya miƙo min. Yana so a zura siririn bututu a duba jijiyoyin zuciyar, kuma in zo da wani nawa.

Wanzami ba ya son jarfa. Na ce zan yi tunani.

Laraba, 19 ga Maris

Takardar na aljihun rigar wasanni, kwana takwas. A gida na ce komai lafiya, tsufa ne. Auta ta kira tana tsokana, wai Baba ka zo na nawa a tseren? Na ce na ɗaya mana. Da ta kashe na zauna na yi kuka, karon farko tun rasuwar Inna. Ina so in ga aurenta, shi ke nan abin da nake so.

Litinin, 24 ga Maris

Na miƙa wa uwar yara takardar tana ninke kaya. Ba ta gane layukan ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce, "Malam, wata biyar ke nan ina jin ka daga kicin. Kana tsayawa a bakin ƙofa kana kaɗa makulli kamar ya ɓata, har numfashinka ya dawo. Ni ma sai in bar tukunya in jira ka."

Wata biyar, ba ta ce uffan ba don kada in ji kunya.

Na kira asibiti, sun ba ni Alhamis da safe. Ba wai tsoro ba ne. Na dai ce mata in ba ta da abin yi ranar, ta raka ni.