Burtalin Baffa Umaru

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Anti Hauwa da yara, da ruwan Fatakwal? Mu nan Kalgo lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na samu gurbin digiri na biyu a jami'a, a fannin dokokin kare muhalli. Suna ɗaukar har irina malamin gona, amma na so in ƙi zuwa, don kunyar zama cikin lauyoyi.

Sai ga Baffa Umaru ranar kasuwa, tun daga ruga. Shi "doka" kawai ya ji, yana shigowa ya ce, "Sannu lauya!" Ashe gonaki ne suka cinye burtalin bayan garin Diggi, shanunsa ba sa kaiwa mashaya.

Na ce, "Baffa, ko na gama ba zan tsaya gaban alƙali ba."

Ya ce, "Wa ke son alƙali? Takardar da ta shata burtalin tana ofis. Namu muke so, wanda zai karanta ya gane."

Jiya na aika wa jami'ar cewa ina zuwa.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Baffa ya ce in gaya maka lauyansa zai tafi makaranta.

Ƙaninka,
Sani