Gidan Kwalin Kumatu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Allah ya yaye miki ciwon bayan nan da tsayuwar wurin aiki ta jawo miki. Mu nan sai godiya. Mama ta samu sauƙi, jinin ya sauka. 'Yarki Kumatu ma an kusa cire mata ɗaurin ƙafa, likita ya ce ƙashin ya kama.

Yaya, maganar Kumatun ce ta zaunar da ni rubutu, don in ban faɗa miki ba cikina zai fashe. Kin san tun da ta faɗo daga matakala aka hana ta taka ƙafar. Yarinyar da ba ta cika shekara huɗu ba, a ce ta zauna wuri ɗaya. Da farko kuka take wuni yi, har na rasa inda zan sa kaina. Sai na roƙi mai shagon ƙasanmu wani ƙaton kwalin firiji, na yanka masa ƙofa da taga, na rataya tsohon tawul ya zama labule. Murafen kwalba suka zama tukwanenta. Wata safar Babanta da ɗaya ƙafar ta ɓace na cusa mata tsumma, na ɗinka maɓallai biyu, ta zama kyanwa. A ciki take cin abinci, a ciki take barcin rana. Ta zana mu duka a jikin kwalin da biro, har da ke, ta yi miki wuya kamar na raƙumin dawa.

Ranar da zan kai Mama gwajin jini, Anti Babba, yayar maigidana, ta zo, sai na bar mata yarinyar. Na dawo na tarar da falo wayam, Kumatu na kwance a ƙasa muryarta ta dushe. Wai Anti ta kira mai kwasar shara ya ɗauke komai, a gaban yarinyar da ko tashi ba ta iyawa balle ta bi shi. Ta ce gidan ƙaninta ba juji ba ne, kuma uwar da ta san ciwon kanta abin wasa na kirki take saya. Na sauka da gudu, motar shara ta riga ta tafi. Maigidan ya ce in yi haƙuri, yayarsa ce. Kumatu kuwa ta daina cin abinci, tana ta tambayata ko kyanwarta na jin yunwa a inda take. Na yi mata wani kwalin, ta ƙi shiga.

Ba a daɗe ba mai aikin Anti ta tattara kayanta ta tafi, ga shi ofis ba ya jira. Sai ga Anti ta kawo mini tagwayenta 'yan shekara uku, waɗanda ba su san wasan komai ba sai latsa waya. Na karɓe su hannu bibbiyu. Na kife musu tukwane na ba su ludayi. Na zuba tsakuwa a gwangwanin madara na liƙe. Na nuna musu yadda ake sauke filon kujera a gina ɗaki, a ja labule a yi rufi. Na kuma gaya musu cewa kowane kwano da irin muryarsa, sai mutum ya gwada duk na gidansu kafin ya san wanda ya fi zaƙi. Yaran ban cuce su ba, Yaya, dariya suke har da faɗuwa, ranar ce ma Kumatu ta sake cinye abincinta.

Bayan tagwayen sun koma gida, maigidan ne ya leƙa gidan Anti ya dawo yana danne dariya. Ya ce farin falon nan da ba a barin kowa ya shiga da takalmi ya koma kasuwa. Sun buɗe kabad ɗin gilashi, sun jera kwanukan da take ajiye wa manyan baƙi, murfi biyu sun lotse, sandar labule ta karye. An ba su waya sun yar. Can sai ga kiranta, tana haki, wai me na koya wa 'ya'yanta.

Na ce, "Wasa ne, Anti. In ya dame ki, ki kira mai shara."

Ta kashe wayar.

Na san za ki ce in yafe, ke kullum haka kike. Ban yafe ba. Sai ranar da ta durƙusa daidai tsawon Kumatu ta ba ta haƙuri da bakinta. Har yanzu ba ta samu mai aiki ba, don haka dole ta dawo da su mako mai zuwa, ni kuma na wanke robobin ruwa na jera, busa zan koya musu.

Ki gaida Baban yara, da babban ɗana, da Auta. Mama na sa muku albarka, Kumatu kuma ta ce yaushe za ki zo.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.