Ranar da Munzali Ya Ce A'a

Mubi, Jihar Adamawa.

Zuwa ga Yayana Shafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da aikinka a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je Mugulbu ta ga gyaɗarta, ta dawo tana faɗan an bar mata ciyawa.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Inna ta ce ka rantse ƙaninmu Munzali ya koma shan ƙwaya, tunda har ya iya ce maka ba zai ɗinka kaftani goma sha biyu na bikin abokinka cikin mako guda ba. Ta ce bayan Sallah za ka zo ka kai shi gidan mari a ɗaure. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka hau mota.

Wata bakwai ke nan rabon Munzali da tramol. Ni nake raka shi asibiti duk Talata wurin Malama Eva, 'yar Michika, mai zama da masu fama da shaye-shaye. Da farko na raina aikinta, gani nake hira kawai suke sha. Rannan ta kira ni ciki da yardarsa, ta tambaye ni yaushe na taɓa ganin Munzali ya yi fushi. Na ce da alfaharina tun da aka haife shi ban taɓa gani ba. Ta ce to ina fushin yake zuwa? Ta ce kowa yana da wani ɓangare na kansa da ya ga 'yan gida ba sa so, sai ya tura shi baya, shi kuwa ya riƙa binsa kamar inuwa. Idan an hana shi magana sai ya nemi wata hanya, kuma hanyar da na Munzali ya samu ita ce ƙwaya.

Ka tuna yadda muka taso. Kai ne mai zafi, ni ce mai baki, shi kuwa tun yana ɗan shekara shida Baba ya sa masa "mai haƙuri", mu kuma muka riƙe. Da aka raba gona aka ba shi wajen duwatsu, ya ce ba komai. Ɗinkin dangi kaf a kansa yake, har na Maiha, kowa ya ajiye yadi ya ce jibi. Muna ta cewa gajiyar keken ɗinki ce ta jefa shi shan ƙwaya. Shi kuwa ya gaya mini duk lokacin da ya ce "ba komai" sai wani abu ya tokare masa ƙirji. Ya ce akwai wani Munzali a cikinsa mai jin haushinmu duka, har da Inna, kuma shekara da shekaru yana tsoronsa, yana ba shi ƙwaya don ya yi barci. Na yi kuka ranar, domin ni ma atamfofina suna cikin tulin ɗinkin nan.

Ranar da ka kira ina shagonsa. Ya ce maka ba zai iya ba, ya maimaita, bai yi rashin kunya ba, bai kashe maka waya ba. Da kuka gama, ni idona yana kan ƙofa, don na san inda ƙafarsa take kai shi a irin wannan hali. Bai fita ba. Ya sha ruwa, ya ja keke, ya ci gaba da wuyan rigar da yake yi. Wallahi Yaya, ko ranar da ka gama jami'a ban ji alfahari irin na ranar ba.

Ban ce ya warke ba. Malama Eva ta ce da sauran tafiya, kuma yanzu yakan yi faɗa inda bai kamata ba, don bai saba ba. Shekaranjiya a kan gishirin miya ya tasar wa matarsa Hussaina, daga baya ya ba ta haƙuri. Amma idan ka ɗaure shi saboda ya ce a'a, ka koya masa cewa gara ya koma "ba komai", mun kuwa ga inda ta kai shi. Ni dai ina raye ba za a fita da shi daga gidan nan ba. Yadin abokinka na kai wa Vandi tela, zai gama kafin biki.

Inna tana sa maka albarka. Hussaina da Kawu Bobboi suna gaishe ka. Ka gaida Anti Habibat da Mubashshir da Huda. Na tambayi Munzali ko in sa gaisuwarsa, ya ce kada in yi masa ƙarya, har yanzu yana jin haushinka, idan ya huce zai kira ka da kansa. In ya kira, Yaya, ka ɗauka, ka kuma bar shi ya gama maganarsa.

Taka ƙanwa,
Safiyatu.