Ƙarfen da Ka Kwance a Ƙofar Motar Baba

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a can Fatakwal. Tunda ba ka ɗaga wayata, zan rubuta a wannan shafi inda kowa zai gani, wataƙila wani ya karanta maka.

Ka tuna ranar da ka ɗaura wa ƙofar bayan a-kori-kurar Baba sandar ƙarfen nan? Kai ne makanikin gida. Ka zura ta ta ƙasan ƙofar, ka ɗaure bakinta a jikin bodi, ka nuna mana yadda take murɗewa tana ɗauke nauyin ƙofa idan za ta sauka. Ka ce, "Baba, wanga ƙarfe shi ka aikin, kai dai sa hannu guda." Baba ya buɗe ya rufe ya fi sau goma yana dariya. Duk wanda ya zo sayen gero sai ya nuna masa aikin ɗansa.

Shekara uku yana sakin ƙofar nan da hannu ɗaya, tana sauka a hankali.

Da ka tashi tafiya, sai ka kwance ƙarfen ka ɗaura wa taka motar, ka mayar da ƙofa ka rufe. Ka yi sallama da kowa, har ka zauna ka sha fura, amma bakinka ya kasa cewa ka cire.

Ranar kasuwar Kebbe muka loda buhuna daga Tambuwal. Muna isa Baba ya zare sakata ya tara hannun dama kamar kullum. Ƙofar ta faɗo da duk nauyinta, har da buhun da ke jingine da ita. Ina tsaye a gefe na ji ƙarar ƙashin.

Mai ɗori ya yi nasa, asibiti ma mun je. Har yau yatsun ba sa rufuwa. Damina ta zo ta wuce Baba bai riƙe fartanya ba. Da hagu yake cin tuwo, shi ya sa ya daina cin abinci cikin mutane.

Abin da ya fi ƙona min rai, kare ka yake yi. Duk mai zuwa dubiya sai ya ce masa, "Ni nac ce shi cire, na mance." Dattijon da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, yau yana yi saboda kai.

Na sa an ɗaura wata sandar, kada ka ɗauka ƙarfe nake nema. Riƙe naka. Ban yafe maka ba, Yaya, ko da yake a motar nan ka koya min tuƙi, kuma har yanzu in ta yi gardama sunanka ke fara zuwa bakina. Ka kira shi ka ba shi haƙuri da bakinka. Tun da hannun ya karye wayarsa ba ta barin aljihun hagu, don kada ka kira ya kasa cirowa da sauri.

Allah ya ba Baba lafiya, ya shirye ka tun yana raye.

Ƙanenka,
Murtala, daga Tambuwal