An Fasa Mini Kwalaben Teku a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Dada, mai Filin Shawara,

Bayan gaisuwa, don Allah ki taimake ni, don na rasa wanda zan kai wa kukana a garinmu bai yi mini dariya ba. Ni mutumin Kebbe ne, ɗan fari a gidanmu. Mahaifina manomi ne mai shanu, kuma tun ina makarantar Midil a Sakkwato ba shi da buri sai in zama likitan dabbobi. Shekarar da aka sami mulkin kai Gwamnatin Jihar Arewa ta tura ni jami'a a Kudu. Shi da kansa ya rako ni tashar Tambuwal. A can na ji yana gaya wa direba wai yaron can zai je koyon maganin shanu.

Ban koyi maganin shanu ba, Dada. A shekarata ta biyu malaminmu ya kai mu bakin teku kusa da Ikko, ya nuna mana wani abu manne da dutse, kamar soso. Ya ce dabba ce. Ba baki, ba ido, ba zuciya, ba ta barin inda take, amma tana zuƙar ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinta, ta tace abincinta, ta fesar da saura ta wata babbar ƙofa. Da muka tsaga ɗaya sai ga tsutsotsi da 'yan ƙananan ƙaguwoyi zaune a ciki kamar baƙi a zaure. Ko an murje ta cikin ƙyalle ta zama kamar kunu, in aka bar ta a ruwan teku sai ta soma haɗa kanta. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu da damina ba, tun ranar hankalina bai koma kan shanu ba. Na sauya karatu, hukuma ta yarda, amma ban gaya wa kowa a gida ba. Kullum sai in ce sai hutu mai zuwa.

Da na gama aka bar ni in yi bincike a kan ire-iren soson gaɓar can. Fiye da shekara ina shiga kwalekwale da masunta, ina jiran ruwa ya janye, duwatsu na yayyanka mini ƙafafu. Wasu na busar, wasu na sa a kwalabe cikin sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, don kada su ruɓe. Cikin busassun akwai wani babba, ja-ja, mai siffar ƙwarya, wanda malamina ya ce bai taɓa ganinsa a littafi ba. Da babbar salla ta matso sai na kwaso su duka a akwati. Na ɗauka in tsoho ya gani da idonsa zai fi ganewa.

Washegarin salla, gida cike da 'yan uwa, na buɗe akwatin a zaure, na ce wannan na koya, ba maganin shanu ba. Ban kai ga bayani ba baffana Na'iya, ƙanen mahaifina, ya cire murfin kwalba ya shinshina, ya ja da baya. Ya tambaye ni a gaban kowa ko wannan ruwa yana sa maye. Sai na ba shi amsa irin ta aji. Na ce asalinsa ɗaya da abin da ke sa maye a giya, sai dai an gauraya shi da wani abu don kada a sha. Rabin farko kawai aka ji.

Baffa ya fita ƙofar gida yana salati, yana kiran mutane su zo su ga abin da boko ya kawo, giya da tsutsa a gidan da ake karatun Alƙur'ani. Mahaifina ya sa aka fitar da akwatin gindin tsamiya. Da sandarsa ta kiwo ya riƙa fasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, ya zare ta. Kaji suka zo suka barbaza abin da ya rage cikin ƙasa. Busassun kuwa baffa ya rarraba wa matan unguwa su wanke tukwane, wai ai soso ne. Wasunsu suna da 'yan allurai ƙanana kamar gilashi a jiki, na faɗa ba a saurare ni ba. Matar baffa ta goge tukunya da ɗaya, hannunta ya kumbura yana ƙaiƙayi, yanzu magana ta zama wai kayan aljanun ruwa na kawo.

A cikin wannan zafi na ce wannan jahilci ne, kuma har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Dada, kin san al'adarmu. Tun da aka haife ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. Ranar ya kira shi cikakke a gaban jama'a, ya rantse in na koma bakin tekun nan kada in sake tako gidansa, ko gawarsa kada in zo. Karo na farko ke nan da na ji sunana a bakinsa.

Yanzu a kasuwa Malam Soso ake kirana. A masallaci sai a bar fili tsakanina da na kusa da ni. Inna kuwa, mahaifiyata, ranar tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Jiya na shiga ɗakinta neman zare, sai ga babban nan ja-ja a cikin kwallarta ta aure, naɗe da sabon kallabi. Wato ita ma ta ɗebi rabonta, tana jiran soson wankinta ya ƙare. Wannan ya fi fasa kwalaben yi mini ciwo.

Hutu ya kusa ƙarewa, in ban koma ba za a ba wani gurbina. Raina yana ce mini in shiga motar Tambuwal ba sallama, kada in ƙara waiwayar Kebbe. Me zan yi?

Ɗan Kebbe da Aka Tozarta

Amsar Dada

Ɗana,

Ni ma 'yar ƙasar Tambuwal ce, na yi makaranta, na haifa, na tura makaranta, saboda haka kada ka sa ran zan lallashe ka.

Shekara da shekaru ka bar tsoho yana gaya wa mutane abin da ba shi ne ba, bai sani ba. Da ka tashi faɗin gaskiya ba ka same shi shi kaɗai ba, sai ka zaɓi ranar da ƙannensa da surukansa suke zaure. A zama ɗaya ya ji ba ka koyi maganin shanu ba, ya kuma ji daga bakinka cewa abin da ka shigo da shi ɗan uwan giya ne. Me kake so ya yi da fuskarsa? Sannan ka jefe shi da kalmar jahilci a ƙofar gidansa, har kana rubuto mini ba ka ga ƙarya a ciki ba. Mutumin da ya ci da kai ya rako ka tasha ba a kiransa haka, ko da kai ke da gaskiya. Da ɗana ne, da na kore shi ranar.

Amma abin da aka yi maka zalunci ne, ba zan ɓoye ba. Baffanka ya ji rabin magana ya tara gari, kuma ina jin daɗin taron ya ji. Allah zai tambaye shi. Mahaifinka ma da ya kulle akwatin ya tambayi masu sani, da bai lalata wahalar shekara da sanda ba. Nazarin halittar Ubangiji ba laifi ba ne, ko ta tudu ko ta ruwa.

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka rubuta wa malaminka gaskiyar abin da ya faru, ka roƙi a ɗaga maka lokaci. Ka bi gida-gida ka karɓo abin da aka raba kafin wata ta sake kumbura, ka kai matar baffanka asibiti da kanka, ko baffan bai gode ba. Ka roƙi liman ya bi ka wurin disfensa mai ba da magani a Tambuwal ya ga kwalbar da ake goge masa hannu da ita kafin allura. Bakin liman tsoho zai saurara, ba naka ba. Bayan nan ka sami mahaifinka da safe wurin shanu, ba kowa, ka durƙusa ka janye kalmarka, ba tare da wani amma ba. Ka gaya masa karatun ƙananan halittu bai yi nisa da garkensa ba, tunda dodon koɗin fadama ne ke ɗauke da tsutsar da ke cin hantar shanu. Rantsuwa tana da kaffara, malamai sun san yadda ake yi.

In duk da haka ya ƙi, ban yarje maka ka tsallake rantsuwarsa ba. Ka zauna, ko da gurbin zai tafi, ka sake nema baɗi. Soson da ka ciro sau ɗaya za ka iya sake ciro shi. In tsoho ya mutu yana fushi da kai, ba inda za ka je ka gyara.

Maganar Inna kuwa, nan ne na ga karatunka bai amfane ka ba. Ka taɓa ganin matar da ta ajiye soson wanki a kwallar aurenta, cikin sabon kallabi? Kai ɗan fari ne. Ba ta da bakin kare ka a gaban mutane, ko sunanka ba ta iya kira. Ta duba ta ga wanda idonka ya fi komawa kai, ta ɗauke shi kafin baffanka ya kai hannu. Kai kuma ka zauna ka rubuta ƙararta a jarida. Ka je ka gaishe ta, kada ka ta da maganar, kada ka yi mata godiya ka ba ta kunya. Ranar da aka yafe maka za ka tafi, ka duba ƙasan akwatinka.

Allah ya huci zuciyar mahaifinka, ya ba ka haƙuri da ladabi, ya mai da kai bakin aikinka da albarkar iyaye.

Dada